Ta Wace Ƙofa Littafi Ke Shiga Ɗakin Jinya?

A ƙasar Hausa ciwo ba ya kwantar da mutum ɗaya. In tsoho ya sami shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon yaro mai sikila ya tashi, ko gigin tsufa ya kama wata baba har ta daina gane jikokinta, akwai wadda rayuwarta ke tsayawa cik tare da ta mara lafiyar. Galibi mace ce: uwa, ko mata, ko 'ya, ko wata ƙanwa da aurenta ya mutu aka ce ai ita ce ba ta da abin yi. A asibiti ita ke kwana kan tabarma a gindin gado, ita ke bin layin magani, ita ke wanki da juya majinyaci. In an sallamo su kuwa, aikin ya koma ɗaka, inda babu nas balle likita. Ba wanda ya koya mata yadda ake ɗaga babban mutum ba tare da bayanta ya riƙe ba, ko yadda ake hana gyambon da dogon kwanciya ke jawowa. Don haka ba abin mamaki ba ne ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, ko uwar da ta raini masu sikila, su zauna su rubuta abin da suka sani, su kai maɗaba'a da kuɗin aljihunsu. Abin da ke biyo baya ne ke da ban takaici: katan-katan na littafi a lungun ɗaki, ƙura na hawa, mai shi na cewa mutanenmu ba sa karatu. Wannan hukunci bai yi wa tarihi adalci ba. Tarihin sana'ar littafi a Arewa, tun daga zamanin Sakkwato har zuwa rumfunan Sabon Garin Kano, yana nuna cewa duk rubutun da ya taɓa isa ga matar da ke cikin gida, wani hannu da ta yarda da shi ne ya kai mata har ɗaki. Wanda ya buga littafin jinya da kansa, neman wannan hannun ne aikin da ke gabansa, kuma an sha yin wannan aiki kafin a haife shi.

Rubutu kan lafiya tsohon abu ne a wajenmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar littattafai kan magani, har da wanda ya keɓe wa ciwon basir da wanda ya keɓe wa ciwon ido. Amma da Larabci ya yi su, kuma hanyarsu ita ce hanyar kowane littafi a lokacin: almajiri ya aro, ya kwafa da alƙalamin kara da tawada, ya jera warƙoƙin cikin gafaka, wani ma ya aro daga gare shi. Wannan hanya tana kai ilimi daga zaure zuwa zaure, ba ta wuce soro ta shiga tsakar gida. Wadda ta gane haka ita ce ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ita ma ta taɓo batun waraka, amma babban abin da ta ƙago shi ne tsarin 'yan taru. Ta zaɓi dattijan mata da suka wuce shekarun goyo, waɗanda ba mai hana su tafiya, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle don a san matsayinta. Jaji za ta taho daga ƙauyensu da ayarin 'yan mata da tsofaffi, su karɓi karatu cikin waƙa, su haddace, su koma su rera wa matan auren da ba su da halin fitowa. A lura da abubuwa biyu a nan. Asma'u ba ta aika takarda ita kaɗai ba, mutum ta aika da takarda. Kuma ta zaɓi mutumin da ƙofar kowane gida a buɗe take gare shi. Babu ciniki a cikin lamarin, gaskiya ne, amma tambayar da ta amsa ita ce dai tambayar da ke gaban mai littafin jinya a yau.

Da Turawa suka kawo boko da injin ɗab'i, sai aka ɗauki wata hanya dabam, daga sama zuwa ƙasa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Rupert East a Zariya, gasar rubutun da ta shirya a shekarar ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945. A farkon shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA, wadda ta yi ta fitar da ƙananan littattafai kan tsafta da noma da kiwon lafiya, tare da jaridun larduna irin su Sodangi a Kano da Himma a Katsina da Zaruma a Sakkwato. Aiki ne mai yawa, kuma ba a raina shi. Sai dai babban mai sayen littafin hukuma hukuma ce: makaranta, ajin manya, ofishin En'e. Ran da kasafin kuɗi ya ja baya, littafi ya ja baya. An rushe NORLA a 1959, kamfanin ɗab'i na NNPC da ya gaji fagen a 1966, da haɗin gwiwar Macmillan, shi ma ƙarfinsa ya fi karkata ga abin da manhajar makaranta ke nema. Littafin da ba a yin jarrabawa a kansa, kamar na kula da tsohon da ya kwanta, ba shi da mai tsaya masa a irin wannan tsari.

Alhali a daidai wannan zamani akwai wata sana'ar littafi a Kano da ba ta dogara ga kuɗin gwamnati ba, kuma ba ta taɓa kukan rashin mai saye ba. Ita ce ta bugun kasuwa. Malami ko ɗan kasuwar littafi a Kurmi zai sa marubuci mai kyakkyawan hannu ya rubuta littafi da ajami ko da Larabci, da irin rubutun nan mai kauri da almajiri ya saba gani a allo. Sai a kai wa masu maɗaba'a, irin su Oluseyi da Northern Maktabat, su ɗauki hoton rubutun su buga shi yadda yake, warƙa-warƙa ba ɗinki, a takarda mai araha. Daga Kurmi littafin zai bi fatake da almajirai da masu shimfiɗa a ƙofar masallacin Juma'a, ya kai Damagaram da Agadas, ya kai zangon Kumasi. Cikin kayan har da ƙananan littattafan addu'o'i da fa'idoji, waɗanda da yawansu don mara lafiya da mai naƙuda ake nemansu. Sirrin wannan kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai bugawa ya san wanda zai saya tun kafin ya sayi takarda, domin ya san abin da malamai ke biyawa a zaurukansu. Malamin da ya ce wa ɗalibansa gobe za a fara littafi kaza, ya riga ya sayar da kwafi ashirin ba tare da ya buɗe baki ya yi talla ba. Kuma an bar wa littafin kamannin da mai karatu ya saba da su, don kada ya ji baƙo ne ya shigo masa.

Marubucin boko bai shiga wannan sahu ba sai da wuya ta kai shi bango. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika gari da samari da 'yan mata masu iya karanta Hausa. Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ta buɗe wa matan aure azuzuwa, kuma a irin waɗannan azuzuwa ne Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya, ta koma karatu. Ga masu karatu sun samu, sai kuma shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka daina kallon sabon marubuci. Sai matasa suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kansu. Balaraba ta fito da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Ahmad Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Masana sun yi ta cacar baki a jaridu kan wannan rubutu, Ibrahim Malumfashi ya kira shi adabin kasuwar Kano yana kwatanta shi da na kasuwar Anaca, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya masa. Amma yayin da ake gardamar ko adabi ne, su marubutan suna can suna koyon kasuwanci. Sun raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, ta yadda kuɗin na ɗaya zai buga na biyu, mai saye kuma ba zai ji nauyin farashi ba. Sun haɗa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, kowane littafi na ɗauke da jerin sunayen littattafan 'yan ƙungiya a shafukan baya, wato kowa na yi wa ɗan'uwansa talla kyauta. Sun sa adireshinsu, wasiƙu suka riƙa zuwa, suka san su wane ne ke karanta su da abin da ke damunsu.

Su wane ne kuwa? Mafi yawa mata, kuma da yawansu ba sa zuwa kasuwa. Nan ne darasin yake. Littafin yana sauka a rumfunan Sabon Gari da wajajen Bata, amma daga nan ƙafafu da yawa ke ɗaukarsa. Yaron gida a aike shi da kuɗi da sunan littafi a guntuwar takarda. Mai shagon unguwa ya saro 'yan kwafi ya riƙa ba da haya, a karanta a kwana ɗaya ko biyu a dawo masa da shi, bangon ya yi laushi, an liƙe shi da salatif. Dillaliya ta cusa biyu-uku cikin ƙullin atamfa da turaren wuta ta shiga da su gida-gida. 'Yan makarantar kwana su wuce da shi daga gado zuwa gado. Amarya ta gama ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Gidajen rediyo suka fara karanta littattafan, wadda ba ta iya boko ba ta ji labarin tana tankaɗe, gobe ta sa a sayo wa 'yarta ta ƙarasa mata. Kwafi ɗaya yakan ratsa gidaje da dama kafin ya yage. Ba wani kamfani da ya zauna ya tsara wannan. Marubutan sun tarar da hanyoyin da kayan mata ke bi tun fil azal, suka ɗora littafi a kai.

Abin mamaki shi ne masu rubutun ilimi, waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan darasi, su ne suka fi kau da kai daga gare shi. Su hanyarsu ita ce bikin ƙaddamarwa. A kama zauren taro, a buga katin gayyata mai ruwan zinariya, a nemi uban taro da babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa. Farfesa ya tashi ya yi sharhin littafi, sannan a shiga abin da ya tara mutane: wane ya sayi kwafi goma a kan kaza, wakilin wane ya ce maigidansa zai aiko da nasa. A watse da la'asar, direbobi su zuba littattafan a bayan mota. Wani alkawarin ya cika, wani a yi ta zarya har takalmi ya sille. Ba na cewa al'adar banza ce; sau da yawa ita ke biyan bashin maɗaba'a, kuma marubucin da ya sa kuɗin sallamarsa a ɗab'i yana da haƙƙin ya nemi mayar da su. Amma a kira abu da sunansa: neman gudummawa ne. Kwafin da attajiri ya saya a kan kuɗi mai tsoka ya fi kowane kwafi nisa da gadon mara lafiya, don ba karantawa zai yi ba, kuma ba zai tuna ya ba mai aikin gidansa da ke jinyar mahaifiyarta ba. Wanda ya yi biki ya koma gida yana jiran littafi ya tafi da kansa, shi ne mai katan-katan ɗin nan.

Mai ja zai ce kwatancen bai zauna ba. Labarin soyayya daɗi ake nema a cikinsa, shi ya sa yake yawo. Wa zai yi ɗokin karanta yadda ake sauya wa tsoho shimfiɗa? Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta. Na farko, rumfunan da suka sayar da littattafan soyayya su ne dai suka riƙa sayar da ƙananan littattafan girke-girke da na zaman aure da na addu'o'i da na magungunan Musulunci, kuma ƙafafun da suka ɗauki wancan su suka ɗauki wannan. Na biyu, bambancin da ke akwai na lokaci ne. Ba mai sayen littafin jinya don ajiya. Ranar Litinin mace ba ta san da shi ba, ranar Talata mijinta ya faɗi a banɗaki, ranar Laraba ta fi kowa buƙatarsa a duniya, kuma a ranar ce ba ta da sukunin zuwa ko'ina. Saboda haka wurin littafin shi ne inda ƙafarta ko ta ɗan aikenta za ta taka dole: kemis ɗin da ke kallon ƙofar asibiti, teburin nas mai sallama, ɗakin masu gashin ƙashi, ranar asibitin masu sikila, Islamiyyar matan aure. A ƙasar nan tamu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, iyayen da ke zaune kan benci ɗaya suna jiran likita taro ne da ba a buga wa katin gayyata ba. Akwai kuma wani abu da mai littafin soyayya bai samu ba: a nan mai saye ba lalle ne shi ne mai karatu ba. Al'adar dubiya ta riga ta tanadi mutanen da ke zuwa da leda a hannu, lemo da ayaba da madara, suna jin nauyin cewa ba abin da za su iya yi. Ga kuma ɗan da ke aiki a Legas ko Jidda, yana turo kuɗi, zuciyarsa na cinsa don ƙanwarsa ce ke ɗauke da wahalar. Waɗannan su ne masu sayen littafin jinya, in an nuna musu shi.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ma bai saɓa wa wannan ba. David Werner ya rubuta littafinsa na kiwon lafiya ne da Sifaniyanci a farkon shekarun 1970 don manoman duwatsun Sinaloa a ƙasar Meziko, inda ya yi aiki da ma'aikatan lafiya na ƙauye, fassarar Turanci mai suna Where There Is No Doctor ta fito a 1977. Ba wani babban kamfanin kasuwanci ne ya fara ɗaukarsa ba. Ƙaramar gidauniyar Hesperian ce ta buga, ta kuma yarda kowa ya kwafa ko ya fassara muddin ba don riba ba. Hannun ma'aikatan lafiya da masu aikin sa-kai ne ya kai shi harsuna fiye da tamanin. A Amurka, littafin The 36-Hour Day na Nancy Mace da Peter Rabins, wanda aka yi wa iyalan masu cutar mantuwa, ya fito a 1981, shekara ɗaya bayan kafa ƙungiyar Alzheimer ta ƙasar, wato ya tarar da iyalai sun fara taruwa suna faɗa wa juna abin da ya taimake su.

Ja na biyu ya fi nauyi, na kuɗi ne. In kwafi ɗaya zai zaga gida goma, marubuci ya sayar da ɗaya ya yi asarar tara. Kuma ai an ga ƙarshen marubutan adabin kasuwar Kano, da yawansu sun bar rubutu sun koma fim. Haka ne, sun koma, kuma wasunsu sun fita da ɗacin rai. Sai dai in an bi diddigi, ba aro da haya ne suka fi cutar da su ba, domin mai haya ma saye yake yi, kuma wadda ta karanta na ɗaya a aro ita ce ke sayen na biyu don ta ƙagu. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin marubuci da babban dillali. Marubuci ya kai kaya a karɓa bashi, a biya shi da kaɗan-kaɗan ko a ce ba a sayar ba. Da jarinsa ya karye, sai ya koma sayar da rubutun ɗungurungum ga ɗan kasuwa, wanda zai buga iya son ransa ba tare da ya sake ba shi ko kwabo ba. Wanda ya riƙe hanyar rarrabawa shi ya ci riba. Mai littafin jinya yana da damar da za ta kare shi daga wannan, don masu karatunsa ba a warwatse suke ba, suna taruwa a wurare ƙididdigaggu da zai iya zagayawa da ƙafarsa, ya ajiye kwafi goma-goma, ya dawo ya karɓi kuɗinsa ya ji abin da aka ce. Ƙungiyoyin masu cuta iri ɗaya, kwamitocin zakka da waƙafi, da masu neman abin sadaka ga iyayensu da suka rasu, duk suna iya sayen ɗari su raba. Ko da haka, wanda ya shiga don ya yi arziki ya yi ɓatan kai. Abin da tarihin ke alkawartawa shi ne jari ya dawo a sake bugu.

Ja na uku shi ne wanda ya kamata ya hana marubuci barci. Labari in ya yi kuskure, an ɓata wa mai karatu dare ɗaya. Littafin jinya in ya yi kuskure, ana iya rasa rai. Hanyar da ba ta da mai gadi ita ce kuma hanyar mai lasifika a tasha, wanda ƙullinsa ɗaya ke maganin basir da suga da hawan jini, kuma shi ma yakan haɗa da 'yar takardarsa. Shin ba gara a bar irin wannan rubutu a hannun hukuma ba? Amsar tarihi ita ce tacewar hukuma a wajenmu ta fi damuwa da tarbiyya fiye da sahihancin bayani. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Kano a 2001, a 2007 aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka kuma nemi marubuta su yi rajista. Duk wannan bai sa an sami mai duba ko adadin maganin da aka rubuta a wani ɗan littafi daidai ne ba. Tacewar da ta fi aiki tsohuwa ce, ta malamai: littafi ba ya fita sai an kai wa na gaba ya duba, ya rubuta ta'aliki da sunansa a shafin farko, ya ɗauki rabon kunyar in an sami kuskure. Likita ko babbar nas da ta yarda sunanta ya hau littafi ta karanta shi da idon mai tsoron abin da zai biyo baya. Kuma hannun da ke miƙa littafin shi ma mataci ne, domin ma'aikaciyar da za ta sake ganin matar nan mako mai zuwa ba za ta ba ta abin da ba ta yarda da shi ba. Wannan bai toshe kowace ɓaraka ba. Akwai ta'alikin da ake rubutawa don kunya ba tare da an buɗe littafin ba, kuma mai kemis yana iya sayar da duk abin da ke kawo riba. Amma marubucin da ya tsaya a kan aikinsa, wato wanka da ciyarwa da juyawa da lura da alamun da ke cewa a koma asibiti yanzu, ya bar rubuta magani ga masu shi, ya rage haɗarin da yawa.

Saura masu cewa duk wannan zance ne na jiya, waya ta shigo, takarda ta mutu, kuma ma yawancin masu jinya ba su iya boko ba. Gaskiya ne kasuwar hikaya ta takarda ta ja baya ƙwarai, marubuta mata da yawa sun koma Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda ake sakin shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ta tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa ta a zauren masu biya, wasu kuma ana karanta littattafansu a YouTube. Amma duk wanda ya dubi tsarin da kyau zai ga kashi-kashin nan ne na shekarun 1990 da hayar mai shago suka sauya riga, kuma har yanzu ƙawa ce ke jawo ƙawa. Batun rashin boko kuwa, rubutun Hausa bai taɓa dogara ga ido kaɗai ba. Imfirajin Aliyu Namangi, wanda shi kansa makaho ne, ya shiga gidajen da ba a taɓa ganin bugunsa ba, ta bakin masu bara da rediyo. Babi ɗaya na littafin jinya da marubuciya ta karanta da muryarta, minti biyar, aka tura a waya, zai isa kunnen matar da hannuwanta ke cikin ruwan wanki, kuma shi ne tallan da ya fi kowane allo. Takardar ma tana da aikin da waya ba ta yi: ba ta neman caji, ana iya barinta a gefen gado ga wanda zai karɓi kwana, ana iya sa mata shafin da za a riƙa rubuta lokacin magani da awon suga don nuna wa likita, ana iya zana hoton yadda ake tallafe kafaɗa da ƙugu. A nan ma ɗabi'ar 'yan Raina Kama ta buga kaɗan a sayar a sake bugawa ta fi dacewa da wannan fanni fiye da yadda ta dace da hikaya, saboda shawarar likitoci tana sauyawa, tambayoyin da masu jinya za su aiko kuma su ne za su nuna babin da ya yi duhu da wanda aka manta. Injinan ɗab'i na yanzu suna fitar da kwafi ɗari biyu ko uku ba tare da an yi faranti ba, don haka gyaran da aka gano a watan Muharram yana iya shiga bugun watan Rajab.